Tambaya da Amsa: Ina son koyon haɗa shafin intanet, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka taɓo zancen kodin, wato rubuta umarnin da kwamfuta take bi, a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, wasu ma har kira suke yi cikin dare, to na zaɓo guda biyar da na ga kusan duk sauran a kansu suke zagaye. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, amma ban canza maganar kowa ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni na gama bautar ƙasa bara, labarin ƙasa na karanta a jami'a, har yanzu babu aiki, ina taya yayana tsaron shago ne. Ina so in koyi haɗa shafukan intanet amma ba ni da laftof sai wayar Android, kuma duk wanda na tambaya da abin da zai ce min, wani ya ce Python, wani ya ce React, wani ya ce ba na farawa sai na sayi MacBook. Kaina ya kulle wallahi. Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Ƙanina, wanda ya ce sai da MacBook ka bar shi da maganarsa. Wanda ya ce React kuma ya tsallake da kai aji uku ne, don React ɗin ai da JavaScript ake rubuta shi, Facebook ne suka sake shi a 2013 domin waɗanda suka riga suka iya JavaScript su samu sauƙin aiki. Python yare ne mai kyau, amma tunda shafi ka ce kana so ka haɗa, ba shi ne ƙofar shiga ba.

Abu uku ne burawuzar wayarka take ganewa, ko Chrome ce ko Firefox. Na farko HTML, shi ne ginin kansa, bulo da katanga da ƙofa, shi yake cewa wannan kanun labari ne, wannan hoto ne, wannan maɓalli ne. Tim Berners-Lee ne ya fito da shi lokacin yana aiki a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba, shafin farko a duniya ya hau a 1991. Na biyu CSS, shi ne filasta da fenti da tsarin ɗakuna. Na uku JavaScript, wayarin ɗin gidan ke nan, ka danna nan wuta ta kama can. Brendan Eich ya rubuta samfurinsa na farko cikin kwana 10 a 1995 a kamfanin Netscape, kuma har yau shi ne yake motsa kusan duk shafin da ka buɗe. A haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kar ka yarda wani ya ruɗa ka.

Maganar waya kuma, yau ɗin nan in ka tashi daga shago ka sauke Acode, manhajar rubuta kodin, a Play Store, ka buɗe sabon fayil ka sa masa suna index.html, ka rubuta `<h1>Shagon Yaya</h1>` sannan a ƙasa ka sa `<p>` ka jero abin da kuke sayarwa da farashinsu, ka danna alamar dubawa. Za ka ga sunan shagon ya fito da manyan baƙaƙe a fuskar wayarka. Ni dai ranar da na fara ganin haka ban iya barci da wuri ba, ina ta canza launi daga kore zuwa shuɗi ina sake dubawa. Akwai wani abu da zai iya faruwa da kai wanda masu koyarwa na Turanci ba za su faɗa maka ba tunda su bai dame su ba: in ka rubuta ƙosai ko ɗanwake ko ɓawo, wani lokaci sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun koma wasu alamomi marasa kan gado. Ba wayarka ce ta lalace ba, ka je can saman fayil ɗin ka sa `<meta charset="utf-8">`, kuma a layin html ka sa `lang="ha"` don burawuza ta san Hausa ce, shi ke nan baƙaƙenmu masu lanƙwasa za su zauna daram.

Da waya za ka iya cinye HTML da CSS da farkon JavaScript, musamman in ka sayi ƴar igiyar OTG ka jona kibod na kwamfuta, don buga alamomin nan da babban yatsa a gilashi yana cin rai. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, wata uku zuwa huɗu in ka yi da gaske za ka ji wayar ta matse ka. Saboda haka daga yanzu ka fara tara kuɗi ko ka shiga adashe. Laftof tokunbo ta isa, irin su ThinkPad ko EliteBook ko Latitude, Core i5, RAM giga 8, kuma lallai ta zama mai SSD ce, wato ma'ajiya mai sauri. In ka shiga Kano, ko Beirut Road ko wani wuri, ka tafi da wanda ya san kan abin, ka cire caja ka zauna da ita minti ashirin ka ga yadda batirin yake sauka, saboda a garuruwanmu batiri ya fi kyan jiki muhimmanci, kai ma ka san halin NEPA.

Wurin koyo kuma freeCodeCamp kyauta ne tun da Quincy Larson ya kafa shi a 2014, a cikin burawuza kake rubutawa yana duba maka nan take, kuma bai cin data kamar bidiyo. The Odin Project ma kyauta ne amma shi ka bari sai ka samu laftof. Ɗaya za ka kama, ka bi shi har ƙarshe. Awa biyu kullum bayan asuba kafin a buɗe shago ta fi awa goma ranar Lahadi kaɗai. Digirinka na labarin ƙasa ma kar ka raina shi, akwai masu haɗa taswira a shafi da Leaflet da OpenStreetMap, wanda ya san taswira tun daga aji yana gaban wanda bai sani ba a wannan ɓangaren.

Tambaya: Malam ni matar aure ce da yara biyu, a Maraɗi nake, makarantar Faransanci na yi, Turancin Ingilishi kaɗan nake ji, lissafi kuma tun ina ƙarama ba ma shiri. Maigidana ya amince in koya daga gida. Zan iya kuwa ko in haƙura?

Amsa: Hajiya kar ki haƙura, za ki iya da yardar Allah. Kalmomin da ke cikin kodin ɗin kansa na Ingilishi ne amma ba su da yawa, kuma su ne dai suke ta maimaituwa, sati biyu sun zauna miki kamar sunayen kayan miya. Bayanin kuwa akwai shi da Faransanci mai kyau, MDN wanda shi ne babban kundin da mu duka muke komawa gare shi yana da fassarar Faransanci, ga OpenClassrooms da ya samo asali daga Site du Zéro, ga Grafikart a YouTube. Ingilishin ki riƙa ɗauka a hankali saboda saƙon kuskure da shi yake fitowa.

Lissafi kuma, in kina iya raba kuɗin cefane na wata ki san abin da ya rage, kin wuce abin da aikin shafi yake nema a farko. Ga aikin da zan ba ki in kin kai JavaScript: ki haɗa ɗan shafin da mutum zai rubuta kuɗinsa ya fitar masa da zakka, ɗaya cikin arba'in, in kuɗin bai kai nisabi ba ya gaya masa babu zakka a kansa. A cikin wannan ɗan aikin akwai karɓar bayani, akwai sharaɗi, akwai rabawa, akwai nuna sakamako, rabin abin da muke yi kullum ke nan. Ki duba She Code Africa ma, ƙungiya ce ta mata masu wannan sana'a, zama cikin ƴan'uwa mata yana ƙara ƙarfin gwiwa sosai ranar da abu ya ƙi.

Tambaya: Yaya ni wata takwas ke nan ina kallon bidiyo, na gama kwas ya fi shida, ina da satifiket huɗu, amma in na buɗe VS Code, manhajar rubuta kodin, ni kaɗai sai kaina ya ɗauke, ko layi biyar ba na iya rubutawa. Ga shi kuma ana cewa ChatGPT ya gama da aikin dibelofa, wato mai haɗa shafi ko manhaja. Anya ba ɓata lokacina nake ba? Daga Kaduna.

Amsa: Wannan saƙon shi ya fi taɓa ni a duk wanda ya shigo, don mutum sama da goma sun aiko da irinsa, kuma ni ma na zauna a wannan ramin kusan shekara. Ƙanina ba kanka ne ya toshe ba. Abin da kake yi kallo ne, shi kuwa kallo yana da daɗi, mai bidiyo yana rubutawa kana gyaɗa kai kana jin ai ka gane, alhali shi ya riga ya yi kuskurensa ya gyara ya yanke wurin kafin ya ɗora. Ka taɓa ganin yaron da ya zama tela don ya shekara yana kallon maigidansa? Sai an ba shi ƙyalle ya ɓata, allura ta soke shi, ya warware ɗinki ya sake, sannan hannu yake faɗawa.

Daga yau ka rufe YouTube na sati uku. Ka nemi mutum ɗaya na kusa da kai mai wata ƴar matsala ta gaske, Islamiyyar unguwarku da take rubuta sakamakon ɗalibai da hannu, ko antinka mai sayar da turaren wuta da humra a WhatsApp tana tura hoto ɗaya sau hamsin a rana, ko masu adashe da littafinsu yake yawan ɓata. Ka ce za ka yi musu shafi kyauta. Ka ɗauki takarda ka zana yadda zai kasance, sannan ka buɗe fayil babu komai a ciki ka fara. Za ka maƙale a minti na goma, to a nan ne karatun ya fara, sai ka nemo amsar wannan abu guda ɗaya tak a MDN ko Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu kodin, ka dawo ka ci gaba.

Bari in ba ka nawa. Shafin farko da na yi wa wata makaranta, a kwamfutata komai lafiya lau, ina ɗora shi a saba, wato kwamfutar da take riƙe shafi a intanet, sai tambarin makarantar ya ɓace, ɗan akwati kawai ake gani a wurin. Dare uku ina fama, na sake ɗora hoton ya fi sau ashirin, na canza girmansa, na zargi kamfanin hostin, masu ba da hayar sabar, har na fara tunanin mayar musu da kuɗinsu. A dare na uku ne na danna F12 na shiga wurin da burawuza take jero kurakurai, na ga jan rubutu da lamba 404 mai nufin ba a samu fayil ɗin ba, na ƙura wa sunan fayil ɗin ido. Ni na adana shi da Logo.png da babban baƙi, a kodin kuma na rubuta logo.png da ƙarami. Windows ba ruwanta da wannan bambancin, amma sabar Linux ce, a wurinta fayil biyu ne daban. Baƙi ɗaya. Na fi shekara goma da wannan daren kuma har yau ban sake sa babban baƙi a sunan fayil ba, ban kuma sake tsoron jan rubutu ba, don shi ne yake nuna maka inda ciwon yake. Babu bidiyon da zai dasa maka abu a kai irin haka.

Kuma ka koyi Git tun yanzu, kar ka bari sai ka ƙware. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005, aikinsa ya riƙe maka tarihin duk canjin da ka yi yadda in ka ɓata za ka iya komawa baya. Ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye kodin, ka riƙa tura aikinka can ko da kana ganin bai yi kyau ba, GitHub Pages ko Netlify za su ɗora maka shafin a intanet kyauta ka samu adireshin da za ka tura wa mutane. Duk wanda na taɓa gani yana ɗaukar ma'aikaci a wannan harka abin da ka gina yake fara tambaya, satifiket ɗin nan huɗu ka adana su amma adireshi uku masu aiki sun fi su nauyi.

Zancen ChatGPT kuma ba zan ce maka babu abin da ya canza ba, ya canza. Tun da ya fito a Nuwamban 2022 ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga, irin a yanka wannan a liƙa can, sun ragu, kuma samun aikin farko a kamfani ya fi da wuya. Ni kaina ina amfani da shi kusan kullum. Amma yana yin kuskure da cikakken ƙarfin hali, zai ba ka kodin mai kyan gani wanda yake da rami a ciki, in ba ka iya karantawa ba haka za ka miƙa wa kwastoma. Misali a JavaScript in ka tara 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif zai ba ka ba, 0.30000000000000004 zai fito, shi ya sa masu hankali suke lissafin kuɗi da kwabo ba da naira mai ɗigo ba, Paystack ma, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kwabo suke karɓar adadi. Wanda bai san wannan ba zai iya cire wa mutum naira ɗari a maimakon dubu goma, kuma ba injin za a kama ba, kai za a kama. Saboda haka a watannin nan na koyo ka mayar da shi malami, ka ce ya bayyana maka layin da ba ka gane ba, ko ya duba abin da ka rubuta da hannunka ya nuna maka aibinsa, amma kar ka ce ya rubuta maka gaba ɗaya.

Tambaya: Malam ni dattijo ne ɗan fansho. Ɗana ya matsa sai na biya masa wani kwas mai tsada da aka ce cikin wata uku zai fara karɓar dala. Kullum yana ɗaki da kwamfuta har tsakar dare, ni kuma tsorona kar ya zama irin yaran nan ƴan Yahoo. Daga Bauchi.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, tsoronka yana kan hanya kuma na ji daɗi da ka tambaya. Kodin sana'a ce ta halal kamar gini ko kafinta. Shola Akinlade da Ezra Olubi da ita suka kafa Paystack a Legas, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka shiga ɗakin ka ce ya nuna maka abin da ya gina. Mai koyon gaskiya zai yi murna, zai buɗe maka har ya ishe ka da bayani. Wanda yake rufe fuskar kwamfuta in an shigo, ko kuɗi suna shigo masa ba ka san aikin da ya yi ba, a nan ne za ka tsaya a kansa.

Kwas ɗin kuwa ni ban ba da shawarar a taɓa kuɗin fansho saboda shi ba. Duk wanda ya yi alkawarin dala cikin wata uku kuɗinka yake so. A abin da na gani, mai ƙoƙari sosai yakan ɗauki kusan shekara kafin ya fara samun abin kirki, wani ma fiye. Ya fara da na kyauta, ya nemi shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ya riƙa zuwa tarukan Google Developer Groups in ana yi kusa da shi. In ya yi wata shida ya nuna maka shafi uku da hannunsa, kuɗin nan ka ƙara masa a data ko ɗan sola, sun fi amfani a can.

Tambaya: Na samu kwastoma na farko, mai kantin magani ne yana son shafi. Nawa zan caje shi, kuma da me zan yi masa? Daga Kano.

Amsa: Masha Allah, Allah ya sa albarka. Ba zan yanke maka farashi ba don naira ba ta zama wuri ɗaya, amma ka raba kuɗin gida uku a takarda ya gani: kuɗin domen wato adireshin shafin, kuɗin hostin, sai kuɗin aikinka. Na farko da na biyu duk shekara ake sabuntawa, ka gaya masa wannan tun yau da bakinka kuma ka rubuta, don rigimar da ta fi yawa tsakaninmu da kwastoma ita ce bayan shekara shafi ya mutu ya ce ai ya biya ka. Domen ɗin da sunansa da imel ɗinsa za ka yi rajista, ko .com ne ko .com.ng, dukiyarsa ce amana ce a hannunka. Ka karɓi rabin kuɗin aiki kafin ka fara, ku rubuta shafi nawa ne, gyara sau nawa ne, ko a WhatsApp ne ya zama akwai shaida, in ba haka ba wata shida za ka yi ana ce maka ɗan ƙara wannan ɗan cire wancan.

In shi da kansa zai riƙa canza farashi da hotuna, yi masa da WordPress, manhajar haɗa shafi ba sai an rubuta kodin ba, kar ka ji kunya wai ba kodin ba ne, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, kuma HTML da CSS ɗinka za su yi maka rana wurin gyara. In kuwa bayani ne kawai da adireshi da maɓallin WhatsApp, rubuta shi da hannu ya fi sauri da sauƙin nauyi. Ka matse hotunan kar ɗaya ya wuce kilobait 200, sannan kafin ka miƙa ka ari ƙaramar wayar yaron shagon, ka kashe wayfay, ka buɗe shafin da datarsa a cikin kantin. In ya buɗe kafin ka ƙirga biyar, je ka karɓi cikon kuɗinka.

Masu tambaya a kan Upwork da Fiverr, shafukan neman aiki a intanet, da yadda ake karɓar kuɗi daga waje, na ga saƙonninku, da su za mu buɗe fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.